Zungurun Nasara a Langar Buɗa-baki

Salamu alaikum, masu karatu, da waɗanda suke biye da ni da waɗanda yau suka faɗo. Wata a cikinku ta rubuto tana cewa labarin nan ba ya sauri, wai ta gaji da jiran inda za a yi kuka. 'Yata, yau kin samu. Ni ma ba don daɗi nake rubutawa ba. Tun da na binne matata a Baƙi'a gidan nan ya zama daga ni sai firij, shi yana gurnani ni ina gurnani. 'Ya'ya in sun kira, da Larabci suke tambayata ko na sha magani. Gara in yi magana da ku, ko ba komai ba ku san fuskata ba.

Ga wanda bai sani ba, sunana Sabiru. A Mai Wurno ta Sudan aka haife ni, na zo Madina ina saurayi, na zauna a shagon kafinta na kawuna Ƙasimu, wanda ake ce wa Usta, wato gwanin sana'a, a unguwar Harra ta Yamma. Shekarar da nake ba ku labarinta ita ce 1982, lokacin da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin da baƙin dutsen Harra yake sha da rana ya dinga amayarwa har bayan magariba. Abin da nake nema a duniya a wannan shekarar guda ɗaya ne: Malam Balarabe ya ba ni 'yarsa Zinariya.

Malam Balarabe ba mugu ba ne, kada ku fara zaginsa a ƙasan rubutu kamar yadda kuka saba. Kakansa da ƙafa ya tako daga ƙasar Damagaram, ya binne mata da 'ya'ya a hanya, don jikokinsa su zama maƙwabtan Manzon Allah. Shi kuma ya gaji maƙwabtakar nan kamar yadda wani yake gadon gona. Yana da takardar ɗan ƙasa, ya yi aikin shimfiɗa darduma a Harami har gwiwa ta ƙi, kuma duk abin da mutum ya yi da tambaya ɗaya yake auna shi: "A garin nan?" Ka ɗaga murya, a garin nan? Ka kunna taba, a garin nan? Ni kuwa baƙo ne mai iƙama, takardar izinin zama, wanda ake iya tattarawa a mota kowace safiya. Matarsa Hajiya Safiyyatu ba ta ɓoye ra'ayinta. Ga ɗan yayanta Sharfuddeen, ma'aikacin ofishin tarho, ɗan ƙasa, mai farar mota da jallabiyar da ba ta taɓa sanin gumi ba, me za a yi da mai garin katako a gashin ido? Sharfuddeen ɗin ne ya jawo musu tarho har cikin falo a zamanin da mutane suke shekaru suna jiran layi.

Duk da haka, da Kawu Ƙasimu ya je gaisuwa, Malam ya ce masa, "Yaron yana sallah a sahun gaba, na gani. Ku dawo bayan Sallah mu yi magana. Amma kafin nan ya san iyakarsa. Ba zance, ba aike."

Abin da Malam bai sani ba shi ne aike ya riga sharaɗinsa da watanni. Ga yadda aka yi.

Abokina Abdussamad direban babbar mota ne, yana kai kaya Yanbu inda ake ta gine-ginen masana'antu. Can akwai injiniyoyi Turawa, manya da furfurarsu, waɗanda ranar Juma'a, da yake ba giya ba gidan rawa, suke shimfiɗa shuɗin ƙyalle a kan dogon tebur su ce teku ne. Su jera ƙananan jiragen ruwa na dalma, kowanne bai kai taƙi ba, su ɗauko abin awo da ƙwayar lido, su sake yaƙin teku da kakanninsu suka yi da Jamus. Wannan ya ce ya nutsar da wancan, wancan ya ce ƙarya ne, igwarka ba ta kai nan ba. Na karanta tarihin yaƙin nan a tsoffin littattafan da ake zubewa a bayan Harami, kuma ina tabbatar muku samarin da suka nutse a ruwan sanyin can ba su ga abin wasa a ciki ba. Amma ba wanda ya tambaye ni.

Jiragen ruwan daga ƙasarsu ake aiko musu. Abin da suka rasa shi ne jirgin sama irin na wancan zamanin, dogon buhun iska da yake shawagi a kan teku yana leƙen abokan gaba. Larabawa suna ce masa minɗad. An taɓa aiko musu na dalma, da suka soke shi a kan waya ya kifa ya karya musu bututun jirgi. Su ba su da ikon shigowa Madina, ni ba na zuwa Yanbu, sai Abdussamad ya zo mini da hoton da aka yago daga mujalla, da tsinke guda.

"Tsawon tsinken nan, ba ƙari ba ragi," in ji shi. "Wai in ya wuce haka ya fi jirgin ruwan girma, wasa ya ɓaci."

"Manya da su?"

"Ina ruwanka? Ɗaya ma sanƙonsa har ƙeya. Za ka iya, ko in kai wa Ba'indiye?"

Na gwada katakon ƙofa, ya yi nauyi. Na gwada reshen dabino, ya tsage. Ina ta fiƙa ina jefarwa ina tsaki, ashe Inna Zenabu tana kallona. Ita ce mahaifiyar Malam Balarabe, tsohuwar da ta ƙi zaman ɗaki, kullum tana bakin shagonmu da farantin gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ɗanta yana jin kunya ita ko a jikinta.

"Ɗan nan, me kake ta yi wa katako azaba?"

Na nuna mata hoton. Ta kai shi kusa da hanci ta nisanta shi.

"Wannan ai zunguru ne, irin na sa lalle. Nasara ma sun fara ƙunshi?"

"Jirgi ne, Inna. Tashi yake yi."

"Allah ya kyauta. Kawo tsinken."

Washegari ta dire mini langa a kan teburin aiki, fara mai jan fure, murfinta da ɗan ɓantare a gefe. Na buɗe ina zaton dambu. Auduga ce a ciki, a kan audugar kuma ga minɗad kwance, mara nauyi kamar ba a ɗauki komai ba. Da farin cikin karan dawa aka yi shi, irin wanda muke ƙera mota da shi muna yara. A kasuwar tumaki Inna ta samo karan, cikin harawa. An fere bayan, an goge cikin da ɗan baƙin dutsen Harra har ya yi sumul, kai ya yi tsini wutsiya ta fi tsini. An jera zaren ɗinki daga kai zuwa wutsiya, layi-layi kamar haƙarƙari, an lulluɓe da siririyar takardar da ake naɗe ganyen shayi, an shafe da ƙaro. Na ɗora tsinken a kai. Ba ƙari ba ragi.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Aljanu."

"Inna mana."

"Kai dai ba a mayar da kwanon mutane wayam. Ko a Sudan ba a koya muku ba?"

Na saka dabino na mayar. Da la'asar tarhon shago ya yi ƙara.

"Shagon Usta Ƙasimu."

"A ba ni ƙaramin ustan, wanda kara ya fi ƙarfinsa."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, tana danne dariya. Na san ta, Zinariya ce. Na taɓa ganinta sau ɗaya ta rako Inna, cikin baƙar abaya, ban ga komai ba sai hannu: dogayen yatsu, jan lalle a farce, tabon alli a gefen babban yatsa, don tana koyarwa a makarantar 'yan mata.

"Malama, ashe ke ce aljanun."

"Ni ce. Hancinsa ya karkace kaɗan, ka gani?"

"Ban gani ba."

"Shi ya sa na ce ƙaramin usta."

Haka muka raba aiki. Ita gangar jiki, ni sauran. Ina yanka fukafukan wutsiya daga bawon kara, in yi ɗakin matuƙa da tsinken ashana, farfela da gwangwanin madara, in shafa fenti ruwan toka, in soke a kan wayar keke, in kafa a ɗan katako. A hoton akwai wani baƙin tambari a gefen jirgin. Ni na san ko mene ne, don haka ba na zana shi, Turawan suke sa abinsu a can. Fenti rabona ne, maganar ba ta taɓa tasowa tsakanina da ita ba. Langa ta zo da jirgi, ta koma da dabino, ko alewar Sham, ko ɗan madubin da na yi wa firam. Ni da nake ganin na karanta duk abin da mawaƙan Larabawa suka faɗa a kan so, ban taɓa cin karo da wanda ya ce yana zuwa a kwanon miya ba.

Da Malam ya kafa sharaɗinsa na ce mata mu tsaya.

"Baba ya ce ba aike," na ce.

"Baba ya ce kai kada ka aiko. Ka aiko?"

"Ina mayar da langa."

"Wannan tarbiyya ce, ba aike ba. Kana so a ce mijin da zan aura bai san a mayar da kwano ba?"

Mijin da zan aura. A tarhon da Sharfuddeen ya jawo da hannunsa ta faɗa. Na tsaya riƙe da kan tarho har Kawu ya ce ko mutuwa aka yi.

To, ana tsakiyar azumi, bayan sallar azahar, Malam Balarabe da kansa ya tsaya a ƙofar shago yana dogara sanda.

"Sabiru."

Na zube. "Na'am, Baba."

"Yau ka sha ruwa a wurina."

Bai jira amsa ba ya wuce. Kawu ya ajiye zarto ya dube ni. "Ka san me ke nan? Bai taɓa kiran wanda ba jininsa ba in ban da maƙwabcinsa Maigandi. Je ka yi wanka, ka goge wuyan nan da soso, ka fi kama da akuyar da ta faɗa a buhun gari."

Ina neman sabulu tarho ya yi ƙara.

"Ka ji?" in ji ta.

"Na ji."

"Kai dai kada ka zubar da shorba a riga. Umma ta ce wai gwada ka za a yi, a ga ko ka iya cin abinci kamar mutane." Ta rage murya. "Inna za ta kawo maka langa kafin la'asar. Wannan ba na Nasara ba ne, naka ne. Ni na gama shi tun daga kai har wutsiya, har da ado."

"Wane ado?"

"Za ka gani. Kwalli da ƙaro. Ka daina tambaya, ga Umma nan."

Ta ajiye. La'asar ta yi, Inna ba ta zo ba. Na leƙa bakin titi, ba faranti ba tsohuwa. Daga baya na ji cewa zafi da azumi ne suka kwantar da ita, aka jiƙa mata zane aka lulluɓa mata, barci ya ɗauke ta. Langar tana nan inda Zinariya ta ajiye mata, a kan bencin bakin madafa, ita kuma Zinariya tana kan rufi tana kwashe shanya. A lokacin ban san wannan ba. Na ce wataƙila sai gobe. Na sa jallabiyata ta Juma'a, na ari hular Kawu mai aikin Kano, na shafa turarensa har ya ce in bar masa na likkafani.

Gidan Malam na baƙin dutse ne, mai koren ƙofa. A soron shiga ake buɗa-baki, inda aka shimfiɗa jar darduma da matasai a jikin bango, tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga ruwa a bokiti. Labule mai kauri ya raba soron da cikin gida. Na tarar da Alhaji Maigandi, tsohon maƙwabcinsu mai haƙori ɗaya na zinare, yana jan carbi yana ƙorafin farashin ƙanƙara. Malam ya nuna mini damansa. Damansa, masu karatu. Na zauna kamar wanda aka ɗora a kan ƙwai.

Sharfuddeen ne yake fito da abinci, da yake ɗan gida ne, labule ba ya hana shi. Ya dube ni, ya dubi inda na zauna.

"Ahlan, ya usta," in ji shi. Hausa yana ji sarai, amma bakinsa ba ya ɗaukarta sai in zai yi wa tsoho ladabi.

"Sannu da aiki," na ce.

Ya jera dabino, da kindirmo, da burodin shuraik, da tulun sobiya yana gumi. Ya koma ya fito da babban faranti cike da kwanuka a rufe, na gida da waɗanda maƙwabta suka aiko, don a unguwarmu da azumi kwano yawo yake yi kamar mai neman aure. Hajiya ta tattara duk abin da ta gani a rufe a kan benci ta ɗora masa. Ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ta huɗu ko ta biyar, langa ce fara mai jan fure, murfinta da ɓantare a gefe.

Ya ajiye ta daidai gaban gwiwar Malam.

Kun san mafarkin nan da mutum yake ganin mota ta nufo shi ƙafa ta ƙi ɗaguwa? To ni a farke nake. A shimfiɗar Malam ba a taɓa murfi kafin igwar shan ruwa ta tashi, kuma in ta tashi mai gida ne yake buɗewa da hannunsa, ya yi bisimilla, ya tura wa kowa. Baƙo ba ya miƙa hannu. Baƙon da ya zo neman 'ya kuwa ko numfashi da izini yake yi. In ce me? Baba, waccan langar tawa ce? Ta yaya na san langar gidanka? Na yi tunanin in yi kamar na suma in faɗa a kanta. Na yi tunanin in ce zan zaga, in yi tuntuɓe da ita. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba, amma gwiwar Malam tana tsakani.

Labule ya motsa. Na ga yatsu masu jan lalle sun riƙe bakinsa, sun matse shi, sun sake. Ta gano. Ita ma ba ta da ikon tako soron maza.

"Sabiru, ka yi shiru," in ji Malam.

"Azumi ne, Baba."

"Yau ya ciji kowa," in ji Maigandi. "Ni tun azahar nake ganin mutum biyu-biyu. Sharfuddeen ma biyu nake gani, abin ya yi yawa."

Malam ya ɗaga hannu yana addu'a, muka ɗaga. Kowa yana roƙon gafara da aljanna. Ni, a garin Manzon Allah, a sa'ar da ba a mayar da addu'a, abin da nake roƙo shi ne Allah ya mayar da karan dawa ya zama ƙosai.

Igwa ta tashi daga kan dutse. Kiran sallah ya biyo ta.

Muka ci dabino, muka kurɓi ruwa. Malam ya fara buɗewa. Shorba. Sambusa. Ƙosan gidan Maigandi. Ya kai hannu ga farar langa, ya ɗan ɗaga ta.

"Wannan kuwa an manta ba a zuba komai ba?"

Ya buɗe.

Yana kwance a kan auduga, kuma wallahi ban taɓa ganin abin da hannu ya yi mai kyansa ba. Ta yi fukafukan, ta yi ɗakin matuƙa da tagogi ƙanana kamar ƙwayar riɗi, ta shafe shi da wani abu mai sheƙi kamar cikin kifi. Maigandi ya leƙo.

"Ikon Allah. Wannan wane irin ƙosai ne? Na gidan wa?"

Ya fashe da dariya, Malam ma bakinsa ya ɗan motsa. Na ɗan lokaci na ɗauka za a tsira da dariya. Sai Sharfuddeen ya sa yatsu biyu ya ɗauko shi, ya juya gefensa wajen fitila.

Ga adon. Baƙi wuluk, hannu huɗu daidai wa daida, kowanne yana buɗewa a ƙarshe, an kewaye shi da farin layi. Ta kwafe shi daga hoton tsaf, kamar yadda take kwafe komai. Ita a ganinta zane ne irin na matashin fatar da Inna ta gada daga uwarta, irin wanda ake yi wa bakin zane da murfin faifai. Yarinyar da ba ta taɓa fita Madina ba sai zuwa Makka, ina ta taɓa ganin tambarin sojan Jamus? Sharfuddeen kuwa an tura shi kwas ƙasar waje.

"Ya ammi," in ji shi a hankali. "Hada salib."

Maigandi ya rufe baki, haƙorin zinare ya ɓace.

"Me ka ce?" in ji Malam.

Wannan karon da Hausa ya faɗa, don kada a yi asarar ko kalma ɗaya. "Gicciye ne, Baba. Na Nasara. Irin wanda suke sa wa kayan yaƙinsu." Bai dube ni ba. Ba sai ya duba ba. Duk Harra an san wane shago ne yake yi wa Turawan Yanbu kayan wasa.

Malam ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Hannunsa, wanda ya shekara da shekaru yana shimfiɗa darduma a Rauda, yana riƙe da abin kamar kunama.

"A garin nan," ya ce. Ba tambaya ba ce wannan karon. "A gidana. A kan abincin azumi."

Na'urar sanyi tana ta ɗiga a bokiti.

"Sabiru. Hannun wa ya yi wannan?"

Masu karatu, ku da kuke da amsar komai a ƙasan rubutu, ku gaya mini. In na ce nawa, na zama baƙon da yake zana gicciye a Madina yana cusa shi gidan mutane, aure ya tafi, wataƙila da iƙamar. In na ce nata, aure ya tafi, kuma kafin sallar asuba kowace mace a Harra ta ji cewa 'yar Malam Balarabe, malamar makaranta, tana aika wa namiji kaya a kwano tana yi masa zanen coci. Ba ƙofar da zan bi in fita da ita a hannuna. Abin da ya rage kawai shi ne wa za a bari da suna.

"Nawa ne, Baba."

"Naka."

"E. Aikin Turawa ne. Kuskure aka yi."

"Kuskure." Ya mayar da jirgin kan auduga, ya rufe langar a hankali, ya ajiye ta bayansa. "Ku ci abinci. Ba a barin azumi a rataye."

Ya tura mini shorba da hannunsa. Ya tura mini sambusa. Ya zuba mini sobiya har ta cika kofi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi, amma ni baƙonsa ne, kuma sai da ya ga na ci. Na tauna, na haɗiye, ban san ɗanɗanon komai ba. Sharfuddeen ya ci da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya a inda yake. Maigandi ya so ya gyara, ya ce ai yara ne, ai kara ne, ko akuya aka ba za ta cinye. Malam ya dube shi sau ɗaya, ya koma ga carbinsa.

Muka yi magariba a nan soron, Malam ya ja mu. Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Da aka sallame Maigandi ya tuna yana da uzuri, ya ja takalmansa. Malam ya ce wa Sharfuddeen ya je ya tayar da mota, za a kai shi tarawihi. Ya rage daga ni sai shi, sai langar.

Na durƙusa. "Baba, don Allah..."

"Ni tsoho ne, Sabiru, amma ban makance ba. Na ga kujerun da kake yi, na ga ƙofofinka. Hannunka na katako ne." Ya numfasa. "Ka ce kai ka yi."

"E, Baba."

"Kai ka yi, ya shiga langar matata, ya hau bencin madafata, ya fito ta labulena."

Na sunkuyar da kai.

"To. Gobe bayan la'asar ka same ni a Harami, wajen Babus Salam. Mu shiga tare, mu tsaya a gaban Manzon Allah, mu yi masa sallama. Sai ka maimaita mini abin da ka faɗa yanzu. Za ka iya?"

Na buɗe baki. Ba abin da ya fito. A gaban kowa zan iya yin ƙarya dominta, a gaban alƙali, a gaban 'yan sanda, a gaban uwar da ta haife ni. Shi ya san inda ba zan iya ba, don shi ma a nan iyakarsa take.

"Na ji amsarka," in ji shi.

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara. Na yunƙura in taimaka masa, ya ɗaga mini hannu. Ya ɗauki langar ya rungume ta a ƙirji.

"Na so in ba ka ita, ka sani? Uwarta ta yi ta magana na toshe kunne. Yau na zaunar da kai a damana don kowa ya gani." Ya juya wajen labule. "Zauna nan, kada ka tafi. Bari in tambayi mai langar. Ita ban taɓa kama ta da ƙarya ba."

Labulen ya rufe bayansa. Ina durƙushe a kan jar darduma, tsakanin kwanukan da ba a kwashe ba, hular aro a kaina. A waje Sharfuddeen yana ta ba mota wuta. Na ji takun sandar Malam a tsakar gida, na ji ta tsaya.

"Zinariya."

Na roƙi Allah ta yi kuka, ta ruɗe, ta ce ba ta san komai ba. Na riga na ba ta hanya, abin da ya rage mata kawai ta bi.

Muryarta ta fito sarai, ba rawa, kamar tana amsa kiran suna a aji.

"Na'am, Baba. Ba sai ka tambaya ba. Ka zauna in gaya maka tun daga farko."